Rigar Farko ta Jariri: Mu Koma ga Allura da Zare

Duk wanda ya san Jibiya ya san kasuwarta ranar Lahadi take ci. Ana tashi daga sujada, sai ka ga mata sun gyara ɗaurin kallabi sun nufi kasuwa, masu ciki a cikinsu kuwa ba sa tsayawa ko'ina sai wajen 'yan gwanjo. Can za ka tarar an kwance dila an baje ƙananan riguna da safa da huluna a kan tabarma, kowace mace ta durƙusa tana tona, tana ɗagawa, tana shinshinawa. Rigar da za ta fara taɓa jikin ɗanta ke nan take nema, rigar da wani yaro a Turai ko Amurka ya sa ya gama da ita.

Ba na zagin gwanjo, ba na kuma zagin masu sayar da shi. Ni ma na sa, 'ya'yana ma sun sa, kuma ya rufa wa talaka asiri ba kaɗan ba. Abin da nake so mu duba shi ne yadda muka sake jiki har ya zama mace ba ta iya tarbar jaririnta sai da abin da ya ƙetaro iyaka.

Mai karatu ya tuna, shigo da gwanjo cikin Nijeriya yana cikin jerin abubuwan da hukumar kwastan ta hana. Duk da haka, shekara da shekaru diloli na sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su hau mota su zaga ta Nijar zuwa Maraɗi, daga nan su gangaro ta Ɗan Isa su shigo mana ta Magama ko ta hanyoyin daji. Muddin hanya a buɗe take, ba wanda ke tambaya. To, a watan Agusta na 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, kuma ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Ba a daɗe ba sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, aka sake garƙame ƙofa har zuwa Maris na 2024. Ciki kuwa bai san an rufe iyaka ba. Wata tara na cika, jariri zai zo, ko kwastan sun ɗaga shinge ko ba su ɗaga ba. A waɗannan shekaru na ga matan da suka je asibiti haihuwa ba su da komai a leda sai tsohon zane guda, suna ɓoye fuska don kunya.

Abin takaicin shi ne, jiharmu ta Katsina ƙasar auduga ce. Funtuwa da Malumfashi da Bakori ba baƙi ba ne ga noman kaɗa. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, babbar masaƙar nan ta UNTL ita ma ta tsaya a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida, da yawansu 'yan ikkilisiyoyinmu ne. Wannan magana ce ta manya, ba ni da ikon tayar da masaƙa. Amma rigar jariri ba ta bukatar masaƙa. Rabin yadi ya ishe ta, kai, ko ƙyallen da tela ya rage daga ɗinkin atamfa.

Iyayenmu mata sun san haka. A tashoshin mishan na da, koyon karatu da koyon ɗinki tare suke tafiya, shi ya sa har yau in ka shiga gidan wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata za ka iya tarar da keken ɗinki na hannu a lulluɓe a lungu, da gwangwanin allurai da kwarashi. Su ne suke saƙa hula da safa da rigar sanyi da ulu, su dalmashe bakin zanen goyo, su ɗinka majanyi mai ƙwari wanda zai goyi yara uku bai yage ba. Ina wannan sana'a ta tafi? 'Ya'yanmu mata sun yi boko, mun gode wa Allah, amma da yawa ko maɓalli ya cire sai an kai wa tela.

Littafi Mai Tsarki bai raina wannan aiki ba. A littafin Sama'ila na fari, sura ta 2, mun karanta yadda Hannatu take ɗinka wa ɗanta 'yar riga kowace shekara ta kai masa Shilo. Ku yi tunani a kan matar nan. Yaron ba ya gabanta, sai dai ta ƙiyasta a zuci yadda ya ƙara tsawo, ta yanka, ta ɗinka, kuma ba na shakka kowane sukan allura da addu'a yake tafiya. A Ayyukan Manzanni sura ta 9, da Dokas ta rasu a Yafa, gwauraye ba wa'azinta suka nuna wa Bitrus ba, tufafin da ta ɗinka ne suka ɗaga suna kuka. Ubangijinmu kansa, a Baitalami, zane aka naɗe Shi da shi.

Akwai kuma maganar lafiya, wadda ungozoma ta fi ni sani. Jariri sabon haihuwa yana saurin rasa ɗumin jiki, musamman ta kai, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar a sa masa hula, a ƙara masa tufa ɗaya ko biyu bisa abin da babba ke sawa, a kuma jinkirta wankan farko har ya kwana ya wuni. Wanda ya san hunturun bakin iyaka a watan Disamba da Janairu ya san wannan ba wasa ba ne. Idan bazara ta zo kuwa, rigunan nan masu ƙyalƙyali na roba da ake shigowa da su sababbi ba sa shan zufa, sai ƙuraje su feso wa yaro a wuya. Ga duwatsun ado da ƙananan maɓallai da ke cirewa, yaro ya kai baki. Wadda ta ɗinka da kanta ita ke zaɓen yadin auduga mai laushi, ta wanke shi ta shanya a rana, ta sa igiya a kafaɗa maimakon maɓalli.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, kunya. A al'adarmu ta Hausa mai cikin fari ba ta ko son a ambaci cikin, balle a gan ta tana saƙa safa, wasu kuma suna tsoron shirya kaya tun ba a haihu ba, wai kada a yi wa abin baki. Kunya tarbiyya ce, ina girmama ta. Tsoron kuwa camfi ne, bai kamata ya sami wurin zama a zuciyar mai bi ba. Kuma maganin kunyar mai sauƙi ne: ba sai mai cikin ta ɗinka ba, uwarta da surukarta da matan zumunta me suke yi? Na biyu, za a ce yadi ya yi tsada, gwanjo ya fi arha. Sau da yawa gaskiya ne. Amma a lissafa kuɗin da muke zubarwa a ankon suna, wanda za a sa wuni ɗaya a jefa akwati, a ga ko ba zai tufatar da jarirai goma ba.

Yanzu an shigo da yayin rubuta sunan jariri a jikin riga da shawul, kuma 'yan matanmu da suka iya surfani suna samun ɗan abin kashewa da shi. Madalla, a saya a hannunsu. Sai dai kada ya zama wata sabuwar gasa. Tunda yawancinmu sai ranar suna ake bayyana sunan, a ɗinka rigar tun da wuri a bar gurbi a ƙirji, ranar da fasto ya yi addu'a ya faɗi suna, kaka ta ɗauki allura ta sa shi, ko da harafin farko ne. Irin wannan riga ba a sayar da ita, ajiye ta ake yi, ƙane ya gada a ƙara nasa harafin a ƙasa.

Shawarata ga shugabannin Zumuntar Mata, daga Jibiya har Katsina, har 'yan'uwanmu na Maraɗi da Tsibiri, ita ce a ware sa'a ɗaya bayan taron mako a yi ɗinki. Tsofaffi su koyar, 'yan mata su koya, maza kuma su sayi zare, kada su ce wannan harkar mata ce, domin ɗan nasu ne. Kowace majami'a ta ajiye akwati guda, a ciki a ɗaure ƙunshi-ƙunshi: riga biyu, hula, safa, zanen goyo da sabulu. Tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga sun kori iyalai da yawa daga ƙauyukan wannan yanki, wasu suka fake a cikin garin Jibiya, wasu suka ƙetara jihar Maraɗi, kuma a cikinsu akwai masu ciki da suka fito da zanen jikinsu kaɗai. Idan labari ya zo cewa wata ta sauka, a ɗauki ƙunshi a kai mata a ranar, ba sai an tambayi ko Kirista ce ko Musulma ba, ba kuma sai an jira kasuwar Lahadi ba.