Sharhi: Wane Kifi Ya Dace Da Tabkunan Damagaram?

Sharhinmu na yau zai kai mu bakin ruwa.

Baƙon da ya sauka birnin Damagaram da bazara, ya ga manyan duwatsun unguwar Birni da jerin jarkoki a bakin famfo, da wuya ya yarda cewa ana su a jihar nan. Alhali kuwa ana yi. Kusan kilomita 70 gabas da gari, a kan hanyar Gure, tabkin Gidimuni na kwance tsakanin itatuwan dabino da tuddan rairayi, ruwan ƙarƙashin ƙasa na ciyar da shi rani da damina. A kudu, kwarin Korama ya bar tabkuna birjik a ƙasashen Matamai da Mirya da Magarya. Tabkin Lasuri ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005, na Gidimuni ya bi baya a 2019.

Sai dai yawancin waɗannan ruwaye ba su haɗe da wani babban kogi da zai riƙa kawo musu sabon kifi ba. Idan tabki ya ƙafe, ko masunta suka kwashe shi ƙarƙaf, babu mai mayar masa da iri sai ɗan Adam. Wannan ne ya sa idan damina ta ja baya ma'aikatan gandun daji ke ɗauko ƴaƴan kifi a cikin durom ko leda, su kai su tabkunan da suka cika. Da sanyin safiya ake aikin. Akan aje ledar a kan ruwa ta ɗan jima, har ɗumin cikinta ya zo daidai da na tabkin, sannan a kwance bakinta a hankali, ƴan kifayen da ba su wuce tsawon yatsa ba su sulale su ɓace cikin ciyawa. Aikin ya ƙara samun gindin zama tun da aka ƙaddamar da shirin 3N na ciyar da ƙasa a 2012. Haramcin kamun kifi da aka kafa a jihar Difa a 2015 saboda rikicin Boko Haram, wanda ba a ɗage ba sai 2019, shi ma ya nuna hatsarin dogaro da kifin nesa.

To, wane kifi ake zubawa, kuma a wane ruwa? Nan gizo ke saƙar.

Karfasa ita ce ta talaka. Gansakuka da ƙananan tsirrai take ci, uwar kuma a cikin bakinta take riƙe ƙwai har su ƙyanƙyashe, shi ya sa ba ta da wuyar yaɗuwa. Amma yawan haihuwar nan shi ne aibinta. Idan babu mai rage ta, sai tabki ya cika da ƴan mitsi-mitsi, a ja taru ya fito da nauyi, a je kasuwar Dole mai saye ya ɗaga ɗaya ya yatsine fuska. Tarwaɗa kuwa akwai jimiri, domin tana da wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iska da ita, saboda haka ko ruwa ya ja baya ya koma caɓi tana nan da ranta. Gaiwa ta fi su duka dabara: tabki na ƙafewa sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta kwanta har wata daminar. Giwan ruwa shi ne sarki, yakan haura kilo 100 a manyan ruwaye, amma ƴan'uwansa kifaye yake ci, kuma sai ruwa mai zurfi da ba ya ƙafewa yake iya riƙe shi.

Yanzu ga wani baƙo ya shigo fagen, wato kifin aure. Masu ƙyanƙyasar kifi a Najeriya sun daɗe suna haɗa ƙwan tarwaɗa da ruwan namijin ramboshi, su sami ɗa mai saurin girma da juriya. A kududdufin siminti, inda ake auna masa abinci a kwashe shi bayan ƴan watanni, kifin riba ne. Tunda iyakar Magarya da Jigawa taku kaɗan ce, ba abin mamaki ba ne wani ya yi sha'awar zuba shi a tabkin gari.

Kafin a yi haka, yana da kyau a dubi yadda wasu suka yi. A Amurka akwai kifaye biyu mafarauta masu dogon baki da haƙora, pike da muskie, waɗanda masu fatsa don nishaɗi ke bi a tabkunan arewacin ƙasar da na Kanada. Hukumomi na haɗa su su sami ɗa mai zane a jiki da ake kira tiger muskie, kuma abin da ya sa suke son sa shi ne ba ya haihuwa, kamar alfadari. A 1988 jihar Washington ta zuba shi a tabkin Mayfield don ya rage wani kifi da ya yi yawa. Adadin da aka zuba shi ne adadin da ke ciki, ranar da aka daina zubawa kuma zai ƙare da kansa. A tabkin Biktoriya na gabashin Afirka akasin haka aka yi. An saki giwan ruwa mai haihuwa a shekarun 1950, zuwa shekarun 1980 ya mamaye ruwan, ƙananan kifaye kimanin iri 200 suka ɓace. Shi kuwa ɗan tarwaɗa da ramboshi, bincike ya nuna ba duka ne juya ba, yana iya cuɗanya da tarwaɗar gida ya gurɓata irinta.

Saboda haka tabkin da ke ƙafewa da rani, tarwaɗa da karfasa sun ishe shi. Mai zurfi da karfasa ta yi wa yawa, ana iya sa masa mafarauci, amma da lissafin masana. Kifin aure kuwa ya tsaya a kududdufin mai kiwo.

Ko an dace da iri, sauran aiki na hannun mutanen gari. Dokar kamun kifi ta tanadi takardar izini, amma jami'i ɗaya ba zai kwana a bakin kowane tabki ba. Sarkin ruwa da ƙungiyar masunta su ne za su rufe ruwa na wasu watanni har kifi ya yi ƙwari, su hana ja da gidan sauro wanda ke kwashe har ƙwai, su ƙayyade idon kalli da yawan mamari. Su ne kuma za su fito da lauje su sare kacalla, ciyawar nan da ke shaƙe bakin tabkuna, su dasa itatuwa a tare rairayin da iska ke turowa. Matan da ke suya da banda su ma a ba su kujera a zaman, domin su suka fi kowa sanin girman kifin da kasuwa ke karɓa.

Bana idan motar ƴaƴan kifi ta tsaya a Gidimuni ko Lasuri, ya kamata mai gari da sarkin ruwa su yi tambaya uku kafin a kwance leda: wane iri ne, daga ina aka ɗauko shi, kuma a wane wata za a buɗe su.