Zoben da ke shan ruwa

A hutun da ya wuce na leƙa gida Dauran, bayan dogon lissafin hanya daga Kaura Namoda irin wanda kowa ya saba yi a 'yan shekarun nan. Da daddare ƙanwata ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini wani zobe. "Yaya, kai da ka yi karatu, duba mini abin nan. Ko hannu aka sa masa?"

Na san zoben. A lefenta ya zo shekara uku da suka wuce: zinari ne, da dutsen opal a tsakiya, an kewaye shi da 'yan ƙananan daimon. A lokacin, in ta juya hannu sai kore da ja da shuɗi su riƙa wasa a cikinsa kamar bakan gizo. Yanzu ya dushe, ya koma ruwan ƙasa, ga siraran tsage a fuskarsa.

Babu wanda ya sa masa hannu. Opal dangin yashi ne, wato silika, amma da ruwa a jikinsa, galibi kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari. Launukan nan ba rini ba ne. Wasu 'yan mitsi-mitsin dunƙule ne da suka jeru a cikinsa suke tarwatsa haske. Ostireliya ce ta daɗe tana riƙe da kasuwarsa, da ramuka irin na Coober Pedy da aka gano a 1915. A 2008 aka samu wani a yankin Wollo na Habasha, mai kyau kuma mai rangwamen kuɗi. Sai dai shi na Habasha yana tsotsar ruwa kamar sabuwar randa. In ya jiƙe launinsa kan ɓace, ya dawo bayan ya bushe. In kuwa abin da ya sha mai ne ko rini, da wuya ya fita.

To, a duba hannun matar Bahaushe. Alwala sau biyar, wanki, miyar manja, man shafawa, turare, ga lalle duk sati. Sannan hunturu ya zo. A ma'aunin taurin duwatsu daimon yana da 10, opal yana tsakanin 5.5 da 6.5, shi kuwa yashin da ke cikin ƙurar hunturu ya kai 7. Ke nan goge zoben da gefen mayafi mai ƙura kankare shi ne a hankali. Jiƙewa da bushewa kullum, a iskar da ke tsaga leɓe da dunduniya, su suka tsaga dutsen.

Wadda take da irinsa ta cire shi kafin ta taɓa ruwa ko mai, ta mayar bayan hannu ya bushe. In ya jiƙe a bar shi a inuwa ya bushe da kansa, kada a kai shi rana ko bakin murhu. A ajiye shi a rufe, shi kaɗai, domin daimon na wani zoben zai karce shi.

Abin da ya fi damuna dai ba kyan dutsen ba ne. A ƙasar Zurmi da Shinkafi zinarin mace asusu ne. Shi ake sayarwa ranar da aka tashi gari, ko aka kwantar da yaro a asibiti, ko aka aiko da adadin kuɗin fansa. Ƙanwata tana so ta kai 'ya'yanta Gusau su ci gaba da makaranta, shi ya sa ta fara kai zoben wurin wani mai sayen zinari. Ya ce zai ɓamɓare duwatsun ya auna zinarin kaɗai. Opal ɗin bai yi masa kuɗi ba, 'yan daimon ɗin ma ya ce ladan cire su ya kusa cinye darajarsu. Abin da ya taya bai kai rabin abin da mijinta ya biya ba.

Ban ga laifin mai tayin ba, sana'arsa sikeli ce. Laifin na wanda ya sayar ne ba tare da ya ce uffan kan halin dutsen ba, alhali addininmu ya hana ɓoye aibin haja. Mu ma masu haɗa lefe muna da namu kason, don mukan biya kuɗin walƙiya muna zaton ajiya muka yi. Ni a ganina, wanda ƙarfinsa zobe ɗaya ne ya sayi zinari zalla.

Ta sayar da shi a ƙarshe. Dutsen da aka ciro ta ƙulle shi a tsumma ta jefa a kwalla, ta ce ko ba komai daga lefenta ya fito.