Taba a Kudu, Kifi a Arewa

Shekara 13 kaɗai ke tsakanin saukar Turawan Ingila a Jamestown, cikin 1607, da saukar ƴan uwansu a Plymouth, can arewa, cikin 1620. Tsibiri ɗaya suka baro, harshe ɗaya suke yi, sarki ɗaya suke bi, wato James na Ɗaya. Amma kafin jikokinsu su yi furfura, zaman da suka kafa a gaɓar gabashin Amurka ya zama tamkar ƙasa biyu. An saba gaya wa ƴan lakwal cewa dalilin a fili yake: na kudu kwaɗayi ya kai su, na arewa addini. Maganar tana da daɗin ji, sai dai ba ta kai ƙarshen zance ba.

Gaskiya ne neman kuɗi ya kafa Jamestown. Kamfanin Birjiniya, na attajiran London, shi ya aika da maza 104, ba mace ko ɗaya, da begen su tono zinariya. Abin da suka tarar fadama ce mai ruwan zartsi, ga masassara ga atuni. A hunturun 1609 zuwa 1610 yunwa ta yi masu kisan kiyashi, har ba a bar fiye da mutum wajen 60 ba a garin, bayan sun cinye dawaki da karnuka da ɓeraye. Ganye ne ya cece su. Cikin 1612 John Rolfe ya gwada irin tabar da Sifaniyawa ke nomawa a yankin Karibiyan, ta yi kyau, ta sami kasuwa a London. Sarki James ya taɓa wallafa ɗan littafi yana tsine wa taba, amma ba a ji ya ƙi kuɗin duwan ɗinta ba. Zuwa 1617 har titunan Jamestown an shuke su da ita.

Taba kuwa tana da halinta. Tana cin ƙasa, shekara uku ko huɗu gona ta gaji. Tana cin hannu, tun daga dashe har shanya. Saboda haka daga 1618 kamfanin ya sa doka: duk wanda ya biya wa mutum ɗaya kuɗin jirgi, a ba shi fili kimanin hekta 20. Talakawan Ingila suka shiga jinginar da kansu, shekara 4 zuwa 7, don a ƙetarar da su. Mai hali ya kawo barori goma, ya sami gona da masu noma ta a tashi ɗaya. Gonakin suka warwatsu bakin koguna, jirgi na zuwa har ƙofar gida ya ɗauki kaya, don haka ba a ga amfanin gina gari ba. Inda babu gari kuwa, majami'a nesa take, lakwal sai ɗan mai kuɗi. Filin ma ba na banza ba ne, na mutanen Powhatan ne, ƴan asalin wurin, waɗanda suka tashi cikin 1622 suka kashe Turawa 347.

Ƴan Afirka na farko, ashirin da ƴan kai, daga Angola aka kamo su, an sauke su cikin 1619. An daɗe barori farare sun fi su yawa nesa. Amma barori suka yi wuyar samu, sa'an nan cikin 1676, a tawayen Nathaniel Bacon, talakawa farare da baƙaƙe suka haɗa kai aka ƙone Jamestown. Manyan manoma suka ga bawan da ba shi da ranar ƴanci ya fi masu kwanciyar hankali. Dama tun 1662 doka ta ce ɗan baiwa bawa ne, ko da ubangidanta ne ya haife shi.

A arewa, yankin da suka raɗa wa suna Sabuwar Ingila, ƴan Puritan ne suka zo, masu ganin majami'ar Ingila ta gurɓace. Da matansu da ƴaƴansu suka taso. John Winthrop ya iso Massachusetts cikin 1630 da jiragen ruwa 11, kuma zuwa 1640 wajen mutum 20,000 sun biyo sawu. Jama'a ake ba fili a dunƙule, su kafa gari, ɗakin ibada a tsakiya, magidanta su taru su yanke shawara. Cikin 1636 suka kafa makarantar Harvard. Cikin 1647 suka wajabta wa duk garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malamin koyar da karatu. Sanyi ya rage masu cuta, suka yi tsawon rai, suka hayayyafa. Ƙasarsu duwatsu ce, ba ta ba da komi sai na ci. Manomi mai ƴaƴa maza biyar ba ya bukatar bawa, ba shi ma da abin sayensa. Masu neman riba suka fuskanci teku: su, da sassaƙar jirage, da fatauci.

To, wanda ke cewa tsoron Allah ne ya raba su da bauta, sai ya dubi wani ɗan tsibiri mai suna Providence, daura da gaɓar Nikaragwa. Cikin 1630 ɗin nan dai wasu manyan ƴan Puritan, masu aƙida ɗaya da Winthrop, suka kafa kamfanin zama a can. Wurin na da zafi, taba da auduga na yi. Ba a yi shekara goma ba suka cika shi da bayi, har lokacin da Sifaniyawa suka ƙwace shi cikin 1641, ƴan Afirka sun kai Turawan yawa. A cikin wannan shekara kuma Massachusetts ta rubuta halascin bauta cikin dokokinta, tun Birjiniya ba ta yi ba.

Arewa ba ta tara bayi a gona ba, amma ta ci daga guminsu. Kifin da ƴan Boston ke shanyawa da gishiri, mai kyau a kai Turai, na baya-baya a kai Barbados a ciyar da bayin gonakin rake. A komo da baƙin ruwan rake da ke saura bayan an fid da sukari, a dafa shi ya zama barasa, a kai ta gaɓar da ake kira Ghana yau a musanya da mutane. Cikin ƙarni na 18, fiye da rabin jiragen bayin da suka tashi daga Amurka ta Arewa na ƴar ƙaramar Rhode Island ne.

Da aka yi ƙidayar farko ta Amurka cikin 1790, an sami bayi sama da 290,000 a Birjiniya, a Massachusetts ba a rubuta ko ɗaya ba. A shekarar kuwa jiragen Rhode Island na nan suna kai da kawowa a gaɓar Afirka, ko da yake jihar ta haramta wa mutanenta wannan fatauci tun 1787.