Rijiya Ce Ma'aunin Tafiya

Mu mutanen Zabarmari mun saba da ruwa, domin fadamar shinkafa ta kewaye garinmu. Saboda haka da yawanmu ba mu san darajarsa ba. Amma 'yan ayarin gishiri, masu tafiya daga Agadas zuwa Bilma, sun san ta sarai. Madugu yana auna tafiyarsa da rijiyoyi, kuma ba a barin zango sai an cika kowace salka.

A ganina, wannan ilimi ya fi mota amfani. A shekarar 2013, mutum 92 sun mutu saboda ƙishirwa a arewacin Nijar bayan motocinsu sun lalace. Duk mai niyyar ratsa hamada, ya fara sanin inda rijiya ta gaba take.