Maɓallin hita: Ɗan hakin da masu motoci suka raina a Funtuwa da Malumfashi

A yawancin motocin haya da ke zirga-zirga tsakanin Funtuwa da Malumfashi ta Bakori, da wuya a rasa tsumma ajiye a gaban direba. Aikinsa ɗaya ne: da zarar gilashin gaba ya yi gumi, sai direba ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya, ya miƙa ɗayan yana goga, mota kuwa tana ta gudu. Idan aka duba inda maɓallan hita da fanka suke, sai a tarar babu su, ɗan guntun sanda kawai ya rage, wani lokaci ma da filaya ake murɗa shi. Jama'a sun saba da ganin haka har ba a ɗaukarsa matsala. Amma matsala ce, kuma ta shafi rayukan fasinjoji.

Yawancin motocin da ke wannan yanki tokumbo ne, waɗanda suka gama aiki a Turai da Amurka kafin su iso Najeriya. Akwai Golf da Sharan da Peugeot 406 da ake haya da su, akwai Corolla da Accord na ma'aikata da 'yan kasuwa, har da 'yan motocin nan masu ƙofa biyu irin na tsere da wasu samari ke sha'awa. Kowacce daga cikinsu ta fito daga kamfani da hita mai aiki. Sai dai robar da ta shafe shekara ashirin ko fiye, sannan ta zo ta haɗu da ranar watan Maris da Afrilu a mota rufe, dole ta bushe ta yi gautsi. Rana ɗaya direba ya murɗa da ƙarfi, sai maɓalli ya tsage. Daga nan sai a ce ai ƙasarmu ƙasar zafi ce, me za a yi da hita?

Wannan tunani shi ne tushen kuskuren. Hita a mota ba don jin daɗi kaɗai aka sa ta ba. Babban aikinta shi ne busar da gilashin gaba. Idan mutum bakwai ko takwas suka cika mota, aka ɗaga gilasai saboda ruwan sama ko sanyin asuba, numfashinsu mai ɗumi da laima yana haɗuwa da gilashi mai sanyi, sai ya zama raɓa ta ciki. Maganinta shi ne a hura wa gilashin iska mai ɗumi, a buɗe hanyar iskar waje, idan kuma na'urar sanyaya mota tana aiki a kunna ta tare, domin tana tsotse laima. Duka wannan ba ya yiwuwa sai maɓallan nan uku suna aiki: na zafi da sanyi, na ƙarfin fanka, da na juya iska zuwa gilashi. Shi ya sa tun 1968 dokar Amurka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota sabuwa na'urar share gilashin gaba daga raɓa da ƙanƙara. Ba a lissafa ta cikin kayan ado ba.

Kudancin Katsina kuwa yana da lokuta biyu da ake matuƙar buƙatar wannan na'ura. Na farko shi ne markar watan Agusta, lokacin da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa a wannan yanki da ya fi arewacin jihar samun damina. Na biyu shi ne hunturun Disamba da Janairu, wanda ke zuwa daidai lokacin da ake kwasar masara da dawa da waken soya da auduga zuwa kasuwannin Dandume da Bakori da Funtuwa, ana kuma ɗora tumatir daga Danja. A wannan lokaci motoci kan tashi tun kafin gari ya waye, ga hazo a waje, ga raɓa a ciki. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa uku da direba zai yi yana goge gilashi sun kai tafiyar mita 66 ba tare da cikakken gani ba, a kan hanyar da ake haɗuwa da babura da amalanken shanu da yara masu tafiya makarantar allo. Funtuwa mahaɗar manyan hanyoyi ce, ta Zariya da ta Gusau da ta Katsina, manyan motoci ba sa yankewa a kansu dare da rana.

Abin takaici shi ne gyaran ba shi da wuya, kuma ba shi da tsada. A tsofaffin motoci maɓallin yana zaune ne a kan ɗan sanda mai gefe ɗaya a shafe, sandan kuma yana jan wata waya irin ta birkin keke, wadda ke buɗe ko rufe ƙofar iska a cikin gaban mota. Sau da yawa maɓalli ba ya karyewa haka kawai. Ƙurar hunturu ce ke shiga ta ƙame wayar ko ƙofar, direba ya ji ta yi tauri ya ƙara ƙarfi, roba ta fashe. Saboda haka bakaniken da ya san aikinsa ba ya fara da maɓalli. Yakan fara ne da wayar, ya tsabtace ta, ya sa mata mai, ya tabbatar ƙofar tana motsi ba tare da tirjiya ba. Bayan haka sai ya koma kan maɓallin: ya ɗaure wuyansa da ya tsage da siririyar waya ko ɗan zoben ƙarfe, ya cike da gam mai haɗi biyu, ya shafa ɗan giris a kan sandan domin kada gam ya manne su wuri ɗaya, ya daidaita alamar maɓallin, sannan ya bar shi ya kwana ya bushe. Gam ɗin nan mai saurin kamawa shi kaɗai ba ya riƙe wurin da ake murɗawa kullum. Idan maɓallin ya wuce gyara, kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna cike suke da kayan motocin da aka kwance. Idan kuma fanka ba ta tashi sai a lambar ƙarshe, wannan aikin mai wayarin ne, ɗan ƙaramin abin da ke rage mata wuta ne ya ƙone.

Matsalar da ta fi ta maɓalli girma ita ce ɗabi'ar yanke hita gaba ɗaya. Hita ƙaramin lagireto ne da ke cikin gaban mota, yana karɓar ruwan zafi daga inji. Idan aka daɗe ana zuba ruwan rijiya maimakon ruwan lagireto na musamman, tsatsa takan cinye shi ya fara yoyo. Maimakon a cire gaban mota a canza shi, aikin da ke cin yini, sai a haɗa tiyo biyun da juna a ce an gama. Haka kuma ake cire tamostat da sunan hana inji zafi, alhali cire shi yana sa inji ya daɗe bai kai ɗumin da ya kamata ba, ya ƙara shan mai, hitar ma ta kasa ba da ɗumi da asuba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babu direban da ke da man da zai zubar a banza. Akwai kuma wata asarar da ba a lura da ita: idan inji ya fara zafi a hanya, kunna hita da fanka har ƙarshe yana rage masa zafi har a samu wurin tsayawa. Wanda ya yanke hitarsa ya rasa wannan dabara.

Ba za a ɗora wa bakanike laifin duka ba. Mai mota ne ke cewa a yi masa na araha, shi kuwa bakanike yana tsoron ya rasa abokin ciniki. Tsadar kayan gyara tun bayan faɗuwar darajar naira gaskiya ce da ba mai musu. Amma wannan tsadar ita ce ma dalilin da ya sa ya kamata a koma ga gyara tun abu yana ƙarami. Motar da a da ake sayarwa bayan shekara biyar a sayi wata, yanzu dole a riƙe ta shekara goma ko fiye.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshin Funtuwa da Malumfashi suna da ikon duba motocin da ke layi, kuma duba ko iska na kaiwa gilashi ba ya ɗaukar minti ɗaya. Ya dace su sa wannan cikin abin da ake dubawa kafin faɗuwar damina da kuma kafin hunturu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, da hukumar KASSAROTA ta Jihar Katsina, su sanya batun cikin wayar da kan da suke yi a tashoshi, kafin a kai ga maganar tara. Ƙungiyar makanikai ta NATA ta ja hankalin 'ya'yanta su riƙa faɗa wa mai mota gaskiyar abin da zai rasa kafin su yanke tiyo ko su cire tamostat. Kwalejin fasaha ta gwamnati da ke Funtuwa da sauran cibiyoyin koyar da sana'a su ba irin waɗannan ƙananan gyare-gyare muhimmanci, domin matashin da ya ƙware a kansu ba zai rasa aiki a yankin da ke cike da tsofaffin motoci ba. Dillalan motoci kuma su daina ɓoye aibin, mai saye ya murɗa kowane maɓalli, ya sa hannu a gilashi ya ji iska, kafin ya biya kuɗi.

Fasinja ma yana da bakin magana. Wanda ya biya kuɗin mota yana da haƙƙin a kai shi da direban da ke ganin hanya, hannayensa biyu a kan sitiyari. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A gyara maɓallin tun kafin ruwa ya sauka.