Ɗakin Karatun Jami'a: Kada Gatan Ɗan Talaka Ya Salwanta

A jami'a, ɗakin karatu ne wurin da ɗan talaka da ɗan mai hali suke zama daidai wa daida. Ɗalibin da ba shi da kuɗin littafi ko na data yana iya aron littafi, ya duba kundayen binciken waɗanda suka gabace shi, ya kuma karanta mujallun ilimi na intanet da jami'a ta biya kuɗinsu. Hidimar da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da ke Zariya da na Kenneth Dike da ke Ibadan suka daɗe suna yi ke nan.

Sai dai wannan gata na neman kuɓucewa. Tun da aka ƙara kuɗin wutar lantarki a watan Afrilun 2024, inda masu rukunin A suka koma biyan Naira 225 kan kowane yunit, jami'o'i da dama suka shiga tsimin wuta. Kwamfutar da ba wuta kuwa, da ita da babu duk ɗaya. Ɗalibin da ya tarar da ɗakin karatu cikin duhu sai ya koma ga haddar takardun da malami ya raba, ya kammala digiri bai san hanyar bincike ba.

Asusun TETFund na ware kuɗin bunƙasa ɗakunan karatu, amma sayen littattafai kaɗai bai wadatar ba. Muna kira ga shugabannin jami'o'i da su fifita ɗakin karatu wajen rabon wutar sola, su tsawaita lokacin buɗewa zuwa dare, su kuma koya wa sababbin ɗalibai yadda ake cin moriyarsa tun daga zangon farko.