Gwiwar Amokachi: Laifin Wa?

'Yan'uwa ɗalibai, har yau in hira ta yi daɗi a majalisun Ƙofar Taramniya, sai an tayar da gardamar Daniel Amokachi. Wasu su ce gwarzo ne, tun daga Ranchers Bees ta Kaduna har ƙwallon da ya jefa wa Ajantina a gasar Olympics ta Atlanta a 1996. Wasu kuwa su ce tauraronsa ya dushe da wuri. Sa'an nan a huce kan mai horarwa, Bora Milutinovic, saboda 4-1 ɗin da Denmark ta yi mana a Faransa a 1998.

To, amma fa wasa ɗaya kurum Amokachi ya buga a gasar nan, watau da Bulgeriya. Gwiwa ta hana shi sauran. Bai cika shekara 27 ba ya bar Besiktas a 1999, ƙafar kuwa ba ta sake komawa daidai ba.

Laifi tudu ne. Da bakin da muke zargin mai horarwa, da shi muke ihun a sa ɗan wasa ko yana ɗingishi. Ko a wasannin makarantunmu, ɗalibi ya gurɗe, sai a ɗaure ƙafar a mai da shi fili. Ran da aka ci kofi, shin wa ke tambayar kuɗin asibitinsa?